Kwana Goma Sha Bakwai Ina Kwashe Bukukuwan Mutane Zuwa Had-dis Mai Terabayit 16

Saura kwana huɗu a kama azumin 2025 wata Hajiya ta shigo shagona, ɗanta na biye da ita riƙe da jaka. Tun kafin ta zauna na gane ta, domin ni na ɗauki bikin 'yarta a 2018, tun daga kamu har buɗar kai. Da muka gaisa na tambayi Alhaji, sai ta ɗan yi shiru, ta ce ai Allah ya yi masa rasuwa, wata uku ke nan. Na yi mata gaisuwa, muka yi masa addu'a. Sannan ta faɗi abin da ke tafe da ita. Faifan DVD da na ba su ya kakkarce, ba ya yi. Kuma ba bikin gaba ɗaya take nema ba. Akwai wurin da Alhaji ya zaunar da amarya a falonsa yana yi mata nasiha kafin a tafi kai ta. Wannan wurin take so, don jikokinsa su tashi da sanin muryarsa.

Na ce, "Hajiya, in Allah ya yarda yana nan. Ba na goge aikin mutane."

Kuma gaskiya ne, ba na gogewa. Tun 2017 da na fara ɗaukar biki a nan Kano, duk abin da kyamara ta ɗauka ina ajiye shi. A durowar teburina akwai ƙananan had-dis irin na USB guda shida, kowanne na manna masa takarda na rubuta shekara. Bayan ta tafi na ɗauko na 2018, mai terabayit 2, na jona. Fitilarsa ta kama, na ji ya fara juyawa, sai kuma wata ƙara siririya, ƙyat, ƙyat, ya yi shiru, ya sake. An yi kusan minti biyu kafin foldar ta buɗe. Na ja fayil ɗin nasihar zuwa kwamfuta, ya tafi har kashi 61 cikin ɗari ya tsaya cak, Windows ta fito da saƙon cewa ta kasa karanta bayanan. Nan take na zare wayar. Ko a lokacin na san had-dis mai irin wannan ƙara duk mintin da ya ƙara yana juyawa ɓarna yake ƙarawa.

Daren nan barci bai zo mini da wuri ba. Ba na 2018 kaɗai ke damuna ba. Sauran biyar ɗin zafi ɗaya suka sha da shi, ƙura ɗaya, kuma dukansu na sha jefa su a jaka in hau adaidaita sahu da su.

Wanda ba ya sana'ar ba zai gane yadda bidiyo ke cin wuri ba. Kyamarar da nake aiki da ita yanzu tana ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa, wato awa ɗaya gigabayit 45. Bikin Kano kuwa ba yini ɗaya ba ne. Ga kamu, ga sa lalle, ga ɗaurin aure, ga dina, ga kai amarya, kuma da kyamara biyu. In an haɗa sai a tashi da awa goma ko fiye, kusan rabin terabayit a biki guda, ban da hotuna. Da na tattara lissafin abin da ke cikin shidan nan da wanda ke cikin kwamfutar, ya kama terabayit 11 da ɗoriya.

Na taɓa yunƙurin haɗa su wuri ɗaya a 2023. Na sayi had-dis na cikin kwamfuta mai terabayit 8, abu biyu kawai na duba, girma da farashi. Makonnin farko lafiya lau, yana rubutu a kan megabayit 180 a daƙiƙa. Da ya wuce rabi, ina gogewa ina sake zubawa kamar yadda aikin tace bidiyo ya gada, sai ya sauya hali. Kwafi zai tashi da gudu, bayan 'yan mintoci ya faɗo 20, ya faɗo 10, ya tsaya a sifili na tsawon daƙiƙoƙi, alhali Task Manager na nuna had-dis ɗin yana aiki ɗari bisa ɗari. Na canza waya, na nemi bairos, har Windows na sake sakawa. Babu abin da ya canza. A haka na watsar da maganar haɗawar, kowane biki ya zauna inda yake.

Washegarin zuwan Hajiya na kira wani abokina da muke ce wa Injiniya, wanda aikinsa kula da sabobin kamfanoni ne, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe musu bayanai. Ya zo bayan la'asar. Had-dis ɗin 2018 ko jona shi bai yi ba, ya ce in naɗe shi in ajiye sai mun sami lafiyayyen wurin da za mu juye shi. Mai terabayit 8 ɗin kuma ya karanta lambar samfurin da ke jikin takardarsa, ya bincika a waya, ya ɗago ya ce, "Oga, ai wannan SMR ne. Lafiyarsa ƙalau, aikin da ka ba shi ne ba nasa ba."

Ya ɗauki rasit guda huɗu a kan teburina ya jera su, kowanne gefensa ya hau kan na kusa da shi. Ya ce in duba yadda kafinta ke jera kwanon rufi. A cikin had-dis akwai faya-fayai masu juyawa, da wani ɗan hannu mai allura da ke rubutu da karatu a kan layuka masu zagaye. Bakin da ke rubutu ya fi bakin da ke karatu faɗi. To don a cusa bayanai da yawa a faifai ɗaya, sai masu ƙerawa suka riƙa ɗora kowane sabon layi a kan gefen wanda ya gabace shi, a bar ɗan siririn wuri da ya isa a karanta. Ya sa yatsa a rasit na biyu ya ce, "Yanzu canza mini wannan ba tare da ka taɓa na uku da na huɗu ba." Ba ya yiwuwa. Haka had-dis ɗin yake yi: in za a sake rubutu a tsakiya, sai ya kwashe duk jerin ya sake shimfiɗa shi. Don kada mai kwamfuta ya ji jinkirin, an ware masa wani ɗan fili kamar zaure inda yake fara sauke baƙi, in ya sami hutu ya shigar da su cikin gida. Matuƙar zauren bai cika ba za ka ga gudu. Ranar da ka turo masa gigabayit ɗari biyu a jere bayan ka yi goge-goge, zaure ya cika, kowa sai ya tsaya a ƙofa.

Shekara biyu ina zargin kwamfutata, ashe amsar tana rubuce a lambar da ban taɓa karantawa ba. Ba ni kaɗai abin ya taɓa ruɗawa ba. Kamfanoni uku ne suka rage a duniya masu ƙera had-dis, Seagate da Western Digital da Toshiba, kuma a 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan masu saye sun gano akwai samfuran SMR da ake sayarwa ba tare da an bayyana ba. Daga baya ne kamfanonin suka fitar da jerin da ke nuna wanne ne SMR, wanne ne CMR, wato mai layuka a rarrabe ba hawa kan juna. A ganina SMR ba abin banza ba ne. Wanda zai zuba kaya sau ɗaya ya rufe ya ajiye, zai yi masa, kuma da arha. Amma mai shago irina da kullum cikin zubawa da gogewa yake, ya rabu da shi.

Shawarar Injiniya ta yi mini nauyi. Ya ce in sayi mai terabayit 16, CMR, mai juyi 7,200 a minti, irin wanda ake yi don sabobi, kuma guda biyu. Na ce guda biyu fa? Ya ce, "Yanzu kayanka a kwando shida suke, ɗaya ya ɓalle ka kasa barci. In ka juye su a kwando ɗaya ya ɓalle fa?" Ban da amsa. Na tambaye shi SSD, wato ma'ajin bayanan da ya fi had-dis gudu, tunda ba shi da abin da ke juyawa. Ya ce in lissafa kuɗin terabayit 16 na SSD sau biyu tukuna. Na lissafa, na bar maganar. Ya kuma nuna mini wani abu a takardar bayanan masu ƙerawa da ban taɓa kula da shi ba: yawancin had-dis na kwamfutar gida an auna su ne a kan aikin terabayit 55 a shekara, na sabobi kuma 550. Kwashewar da zan yi da tantancewarta kaɗai ta kusa cinye kason shekara na irin na gida.

Kuɗin biyun ya kai abin da nake samu a biki huɗu. Sai da na sayar da tsohuwar kyamarata da gilashinta ɗaya kafin ya cika. Daga Legas aka sako su a mota, suka iso ranar biyar ga azumi. Kafin in tura kuɗi na yi sharaɗi da mai kayan cewa ina da mako guda na gwaji, in an sami matsala zai karɓa. Wannan sharaɗin ya fi kowane ragi da zai yi mini amfani, domin kayan da ya kwana yana jijjiga a hanyar Legas zuwa Kano ba a yarda da shi da ido.

Da suka iso na duba ledar ko a liƙe take, na duba haƙoran mahaɗar ko akwai alamar an taɓa soka musu waya, na shigar da lambar siriyal a shafin garantin kamfanin. Ina da dalilin yin haka. A farkon shekarar 2025 labari ya fito daga Jamus cewa 'yan damfara na karɓar manyan had-dis da suka yi shekaru suna aiki, su goge lissafin awanninsu ya koma sifili, su sayar a matsayin sababbi. An kama su ne saboda had-dis ɗin Seagate na da wani kundi na biyu mai suna FARM da ke riƙe da ainihin awannin. In hakan ta faru da masu saye a Turai, mu nan sai mu ƙara buɗe ido.

Ɗan yayata da ke koyon aiki a wurina shi ya taya ni ɗaurawa. Abu na farko da ya ce da ya ɗaga ɗaya shi ne, "Kawu, wannan ai dutse ne." Nauyinsa ya kusa giram 700. Faya-fayai tara ne a ciki, kuma a rufe yake ruf babu ko ƙofar shan iska, domin iskar hiliyom aka ɗura masa. Ita wannan iskar ta fi iskar da muke shaƙa sauƙi kusan sau bakwai, shi ya sa faya-fayan ke juyawa ba tare da jan iska sosai ba, a iya jera su da yawa sirara. Kamfanin HGST ne ya fara fito da irinsa a 2013, mai terabayit 6. Mun kuma tarar babu ramin sukuru na tsakiya a gefensa, saboda faya-fayan sun cinye wurin, don haka sai da muka sauya masa mazauni a cikin akwatin kwamfutar.

Muka jona waya biyu, ta bayanai da ta wuta, muka kunna. Shiru. Na kara kunne a jikinsa, ko motsi babu. Muka gwada na biyun, shi ma haka. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, hanya ta kashe su. Na kira Injiniya ina shirin neman lambar mai kaya, sai ya tambaye ni shekarun fawar da ke ba kwamfutar wuta. Na ce ta kai takwas. Ya ce in kwantar da hankalina. A sabon tsarin SATA, wato mahaɗar da ke jona had-dis da kwamfuta, an mayar da haƙori na uku na mahaɗar wuta ya zama makunnin kashe had-dis daga nesa, don amfanin manyan ɗakunan sabobi. Tsofaffin fawa kuwa suna tura bolt 3.3 ta wannan haƙorin ba tsayawa, shi kuma had-dis ɗin sai ya ɗauka an ce masa ya kwanta. Maganin shi ne a rufe haƙorin. Na aiki yaron wurin masu gyaran waya ya karɓo salatif ɗin nan mai jure zafi, mai ruwan zuma. Na yanka siriri da reza, na ɗora shi da tsinken sakace a kan haƙori na uku in ka ƙirgo daga ɓangaren mahaɗar bayanai, yaron na haska mini da fitilar waya. Sau uku yana zamewa in na soka wayar. A na huɗu ya zauna. Muka kunna, sai na ji wani gurnani mai taushi yana tashi a hankali har ya daidaita, sannan ƙurr, ƙurr, allura ta fara motsi. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi.

A Disk Management Windows ta tambaye ni wane tsari za a raba faifan da shi, MBR ko GPT. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, domin MBR ba ya ganin abin da ya wuce terabayit 2, sauran sai ya zauna a banza. Na zaɓi GPT. Da girman ya fito, yaron ya leƙo ya ce, "Kawu, sun cuce mu, 14.5 ne." Ba cuta ba ce, mudu ne ya bambanta. Masu ƙerawa suna ƙirga dubu-dubu, Windows kuma tana ƙirga 1,024. Bayit tiriliyan 16 ɗin suna nan cif, amma a mudun Windows 14.55 suke. Mai terabayit 8 ma 7.27 yake nunawa.

Daga nan na buɗe CrystalDiskInfo don karanta rahoton lafiyar da kowane had-dis ke rubuta wa kansa, wanda ake kira SMART. Layi huɗu Injiniya ya ce in sa wa ido: awannin aiki, da lamba 05 mai ƙirga guraben da suka lalace aka musanya su, da C5 mai ƙirga waɗanda ake shakkar su, da C6 waɗanda suka gagara gyara. Duka sifili. Amma sifili a rana ta farko ba shaida ba ce, tunda ba a taka ko'ina ba tukuna. Dole sai an rubuta a kowane gurbi, an kuma karanta kowane gurbi.

A nan ne na fara fahimtar ainihin abin da ake nufi da babban had-dis. Na cire alamar fomat na gaggawa na sa cikakke, wanda ke bin faifan yana rubuta sifili tun daga farko har ƙarshe. Ya tashi a kan megabayit 260 da 'yan kai a daƙiƙa. Na yi lissafi na ce awa 17. Amma da tafiya ta yi tafiya sai gudun ya riƙa raguwa, 240, 210, 180, har ya ƙare a wajen 125. Wannan karon ba irin faɗuwar SMR ba ce ta farat ɗaya, gangara ce a hankali. Dalilin kuma a fankar sama ma ana ganinsa: a juyi ɗaya, bakin fiffike ya fi gindinsa cin tafiya. Had-dis daga bakin faifai yake fara rubutu, inda layi ke da tsawo, yana matsawa ciki inda layi ke gajarta, alhali juyin bai canza ba. Lambar da ake bugawa a talla ta bakin faifai ce. Rubutun ya ci kusan awa 23, gwajin karatu na SMART mai tsawo ya ci kusan haka. Wayar SATA na iya ɗaukar sama da megabayit 500 a daƙiƙa, amma allura ba ta kai rabin haka a mafi yawan faifan. Cikin shekarun nan girma ya ninninka, gudu kuwa ɗan kaɗan ya ƙaru. Rijiya ce ta yi zurfi, guga bai canza ba.

Kwana biyu cur ke nan da ba a so kwamfuta ta mutu ko na daƙiƙa ɗaya, a garin da wuta ba ta da alƙawari. Da rana sola na riƙe mu. Da dare batiran inbata kan kai wajen ƙarfe uku su gaji. Muka raba kwana: ni daga bayan tarawihi zuwa ɗaya, yaron ya kwana a shagon. A dare na biyu, ana shirin sahur, UPS ta fara kuka. Ya ce mini da gudu ya fita ba takalmi ya ja janareta, sau biyar kafin ya tashi, ya dawo ya tarar saura ɗigo ɗaya a fitilar UPS. Fomat ɗin yana kashi 88. Da ya mutu, daga farko za a koma.

Zafi ma ya nuna kansa. Watan Maris ne, da azahar CrystalDiskInfo ta nuna digiri 51. Masu ƙerawa sun yarda har 60, amma ba na son abin da zan ba amanar shekaru ya riƙa zama kusa da iyaka. Na buɗe gaban akwatin, na tarar ragar ta toshe da ƙurar hunturun da ya wuce, kamar an shafa mata kunu. Muka wanke ta, na ƙara fanka mai milimita 120 tana hura su kai tsaye, na bar tazarar mazauni ɗaya tsakanin biyun. Ya sauko 41 zuwa 42, a nan ya zauna.

Dukansu suka ci jarrabawa, 05 da C5 da C6 na nan a sifili. Sai muka koma kan na 2018.

Injiniya ya hana ni sake gwada kwafi na yau da kullum, domin Windows in ta ci karo da wurin da ya lalace sai ta tsaya tana ta nanatawa har had-dis ɗin ya ƙarasa mutuwa. Ya tayar da kwamfutar da Linux daga filashi maimakon Windows, ya sa wata manhaja mai suna ddrescue. Ita dabararta ita ce ta fara kwashe duk inda ke karantuwa da sauƙi, ta tsallake wuraren da suka yi gardama tana rubuta inda suke, sai a ƙarshe ta dawo ta riƙa lallaɓa su gurbi-gurbi. Yini na farko ta kwashe fiye da kashi 99. Ragowar ɗan abin da bai kai kashi ɗaya ba shi ya ci kwana biyu. Mun kwantar da had-dis ɗin a kan tawul, fanka na hura shi, na hana kowa jingina da teburin. Lokaci-lokaci sai ya yi ƙyat ɗin nan, lambobin su tsaya, in riƙe numfashi, sai kuma su ci gaba. A ƙarshe 'yan megabayit kaɗan ne suka gagara, kuma wasunsu a cikin fayil ɗin nasihar suka faɗa.

Na kalla ni kaɗai tukuna. Minti goma sha ɗaya ne. A minti na bakwai hoton ya farfashe ya zama murabba'ai, murya ta ɗauke na kusan daƙiƙa huɗu, sannan ta dawo. Na kira Hajiya ta zo ranar goma sha biyu ga azumi da hantsi. Kafin in kunna na gaya mata gaskiya, cewa akwai wurin da ban iya ceto ba, kuma laifin ajiyata ne. Ta ce in kunna. Ta zauna ta kalla ba ta ce komai ba, gefen mayafinta a bakinta. Da aka zo wurin, Alhaji ya ce "Abu biyu nake so ki riƙe," sai murya ta yanke. Hajiya ta ce a hankali, "Salla da sirrin mijinki. Haka ya ce." Na sa mata a filashi biyu, na kuma tura wa ɗanta a waya. Ta yi ta sa albarka, ta kawo kuɗi na ce a bar shi.

Sauran kwashewar aiki ne na haƙuri. Ƙananan had-dis ɗin USB ba sa wuce megabayit 100 zuwa 110, don haka sabon jiran su yake yi. Rana ɗaya na ga 35 ya ƙi motsawa, ashe yaron a baƙar kafa ya soka wayar, ta USB 2.0, maimakon shuɗiya. Na yi amfani da TeraCopy saboda bayan ta kwafa tana sake karanta fayil ɗin a ɓangarorin biyu ta gwada ko sun yi daidai. Hakan na kusan ninka lokaci, amma ta kama fayil uku da suka sami tangarɗa daga wata waya mai sako-sako, waɗanda da sai ranar da mai su ya zo nema zan sani.

Inda na ga raunin babban had-dis ƙuru-ƙuru shi ne a kan ƙananan fayiloli. Bidiyo mai gigabayit 20 yana wucewa kamar ruwa a kwata. Amma da aka zo foldar da manhajar tace bidiyo ke tara dubban 'yan mitsi-mitsin fayiloli, gudun ya faɗo ƙasa da megabayit 10, ana jin allura na ta kai-kawo kamar ana soya gyaɗa. Faifan na juyawa sau 120 a daƙiƙa, amma kowane fayil sai hannu ya tashi ya nemi layinsa, ya jira wurin ya zagayo. Na gwada da manhajar auna gudu ta CrystalDiskMark: karatu a jere 265, karatun ƙananan gutsattsari a warwatse bai kai 2 ba. SSD ɗin NVMe da ke kwamfutar ya haura 3,000 a jere. Na kuma gwada tace biki kai tsaye daga had-dis ɗin. Kyamara ɗaya tana tafiya sumul, tunda megabayit 12.5 kawai take buƙata a daƙiƙa. Da na ɗora kyamara biyu da sauti ina ja gaba ina ja baya, sai hoto ya fara tsalle. Don haka na raba musu aiki. Bikin da ake kan tacewa yana zaune a SSD, ranar da aka miƙa shi ga masu shi ya koma babban had-dis. Na kuma hana Windows kwantar da shi bayan minti 20 kamar yadda ta saba, domin in ya kwanta sai ka jira daƙiƙoƙi masu yawa kafin faya-fayai tara su tashi.

Wasu abokan sana'a sun ce me ya sa ban haɗa biyun su zama madubin juna a cikin kwamfutar ba. Na ƙi. Abin da na goge bisa kuskure a ɗaya nan take zai goge a ɗayan, kuma wutar da ta zo da ƙarfi ta ƙona ɗaya ba za ta bar na kusa da shi ba. Da na gama cika na farko, na juye shi gaba ɗaya a na biyu, kusan awa 20. Na ciro na biyun na mayar da shi ledarsa da kwalinsa, na kai gidan yayana a wata unguwa, yana cikin sif a sama inda yara ba sa kai. Duk ƙarshen wata zan ɗauko shi in ƙara masa sabon aiki, in duba layukan nan huɗu, in rubuta su a bayan littafin rasit da kwanan wata. Tsofaffin biyar ɗin da ke da lafiya ban goge su ba, suna nan a durowa. Mai terabayit 8 ɗin kuma na ba shi aikin da ya dace da shi, bidiyon da aka gama tacewa kawai nake zuba masa, ba gogewa.

Ranar ashirin da biyu ga azumi na rufe akwatin kwamfutar na ɗaure sukurorinsa. Windows na nuna saura terabayit 3.3. A lissafin rabin terabayit kowane biki, kusan wurin biki bakwai ke nan, kuma tun kafin Salla an riga an kama mini ranaku shida. Akwai masu terabayit 30 yanzu, waɗanda ake ɗumama faifansu da hasken leza kafin a rubuta, amma kuɗinsu ba na mai shago irina ba ne tukuna, kuma na san gwajinsu kaɗai zai ci kwana huɗu na wuta ba yankewa. Abin da na yi shi ne na ƙara wani ɗan kaso a kuɗin kowane biki, na rubuta shi a rasit da sunan kuɗin ajiya, ina kuma yi wa iyayen amarya bayaninsa tun wurin ciniki. Mutum biyu sun yi ƙorafi, huɗu sun biya ba musu. Bikin farko Juma'ar bayan Salla ne, a Gwale, kamu da la'asar.